Inda nake shan kosam a Ngaundere, ni da nake kwana ina leƙen abin da ke cikin nono

Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda mutane suka gane irin karatun da nake yi a jami'ar Ngaundere da ke Dang tambaya ɗaya ce ta ƙi barina, a ɗaurin aure, a masallaci, har cikin taksi: wai kai da ka san abin da ke cikin nono, a ina kake shan naka? Wasu ma sun yanke hukunci cewa na daina sha gaba ɗaya. Ban daina ba wallahi, ni ɗan Garwa ne, da kindirmo aka yaye ni, in na kwana biyu ban sha ba jikina sai ya faɗa min. To yau bari in amsa sau ɗaya in huta.

Akwai wani ɗan shagon kosam, wato nono da Fulatanci, da nake zuwa kusan shekara biyu kenan, cikin gari yake ba Dang ba, in ka hau moto daga gar ɗin jirgin ƙasa ba za ka wuce 'yan mintoci ba. Ba zan faɗi sunan wurin ba don zan faɗi alherinsa kuma zan faɗi aibinsa, mai wurin kuma sa'ar gwaggona ce, ina jin nauyinta. Wanda ya san ni ya neme ni in raka shi, amma shi zai biya.

Ga wanda bai sani ba, ina shekara ta uku ta doktora ne, aikina a kan wata ƙwayar cuta ce mai suna Staphylococcus aureus, mu a labo stafi kawai muke ce mata, ina bin diddigin jen ɗin da ke sa ta yin guba a cikin abinci, jen kuwa shi ne rubutun gado da ke cikin ADN ɗinta, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke cewa DNA. Shagon nan baya cikin wuraren da nake ɗibar samfur, da gangan na cire shi, don ba daidai ba ne in ci a wuri kuma in zama alƙalinsa a cikin tez, wato kundin bincikena, sakamakon aikina kuma sai bayan sutinans, ranar da zan kare kundin, in Allah Ya kai mu. Abin da zan faɗa a nan ido ne da harshe da wani ɗan ma'aunin zafi da ke yawo a jakata kamar carbi.

Ta fannin ɗanɗano dai ba sai na ja zance ba. Kindirmon Hajiya mai shagon mai kauri ne, ka tsoma cokali ya tsaya da kansa, ƙamshin nonon Gudali na fita sosai, ba wannan mai santsi kamar koko da ake haɗawa da madarar gari ba. Ƙaramin kofi dala hamsin, babba dala ɗari, in ka ce a zuba maka dakere a ƙara kaɗan, da jaka guda mutum biyu za su ƙoshi. Akwai pendidam ga masu son tsami. Da rani lokacin da shanu ba su da ruwa takan ƙara madarar gari, amma ita da bakinta take faɗa maka, “yau na haɗa ne ɗana,” kuma wannan kaɗai ya isa ya sa na girmama ta don da yawa rantsuwa za su yi maka. Suga ne dai hannun yaranta ya yi nauyi, in ba ka yi magana da wuri ba za su mayar maka da shi alewa. Benci biyu ne kacal da tebur ɗaya, bayan magariba sai dai ka sha a tsaye, canji kuma kullum rigima ne.

Amma ba ɗanɗano ne ya riƙe ni a wurin ba, akwai masu daɗi kamarta a garin nan. Lokacin da take dafa nono ne ya riƙe ni.

Na taɓa zuwa da sassafe ranar da zan tari wani a jirgin Yawunde, na tarar masu kawo nono sun sauke bidon ɗinsu daga moto, ko zama ba su yi ba an riga an tace an ɗora a wuta. Ba a ajiye shi a rana ana jiran sai an gama shara da wanke-wanke. Mutanenmu suna ganin ai in dai za a tafasa to ko yaushe aka tafasa ɗaya ne, kuma a nan ne kuskuren yake, kuma a kan wannan kuskuren nake ƙone shekaruna. Stafi ba baƙuwa ba ce, kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci ko a fata lafiyarsa ƙalau, tana kuma cikin hantsar saniyar da ke da ciwon nono, don haka shigarta cikin ƙwarya lokacin tatsa ba abin mamaki ba ne. In ta shiga kaɗan aka dafa da wuri ta mutu, zance ya ƙare. In kuwa aka bar nonon da ɗumi awa da awanni sai ta yi ta ninkuwa, in ta kai wajen 100,000 a giram ɗaya gubar da ta zuba ta isa ta kwantar da ƙato. Daga nan ka tafasa yadda kake so, ita ƙwayar za ta mutu amma gubar tana nan daram, wuta ba ta yi mata komai. Macijin ka kashe, dafin yana cikin ƙwarya.

Kar wani ya ce wannan matsalar talaka ce. A shekarar 2000 a Japan mutum sama da 13,000 suka kwanta a yankin Osaka saboda madara, da aka bi sawu sai aka gano wuta ce aka ɗauke na 'yan awanni a wata masana'antar madarar gari, nonon ya zauna da ɗumi, stafi ta yi aikinta, daga baya aka bi da shi ta zafi kamar yadda aka saba ƙwayoyin suka mutu, gubar ta wuce cikin garin madara zuwa cikin mutane. Ɗaukewar wuta ta 'yan awanni fa, a Japan. Mu da kuran ke tafiya tun hantsi sai bayan isha'i me za mu ce.

Shi ya sa abu na biyu da na duba shi ne firigo. Hajiya tana da biyu, na roƙe ta ta bar ni na sa ma'aunina, ta yi dariya ta ce “Dokta sa mana, in ka ga aljani ka faɗa min.” Ni ba dokta ba ne tukuna amma ta ƙi ji. Sau da yawa da na gwada tsakanin digiri 4 da 6 nake samu, ƙa'idar OMS, hukumar lafiya ta duniya, kuwa ita ce abinci ya zauna ƙasa da 5 ko sama da 60, abin da ke tsakani nan ne filin wasan ƙwayoyin cuta, to ba ta cika ɗari bisa ɗari ba amma a garin nan wannan abin yabo ne. Ranar da na ƙara yarda da ita wata ranar wasan ƙwallo ce, aka ɗauke kuran, samari sun cika benci suna ta roƙo a tada gurup, wato janareta, a kunna musu tele, ta tada gurup ɗin kuwa amma ta ce ƙaramin inji ne ba zai ɗauki komai da komai ba, firigo za a ba, mai son ƙwallo ya tafi gidan ubansa ya kalla. Rabinsu suka watse suna gunaguni. Ni kuwa na ƙara kofi ɗaya.

Bari in ɗan shiga labo da ku don ku gane dalilin da ya sa firigon nan ya fi min tayil da fenti da fitila mai launi da wasu shaguna ke yaudarar mutane da su. In na kawo samfur ina shuka shi ne a wani faranti mai suna Baird-Parker in sa a digiri 37 kwana ɗaya zuwa biyu, stafi sai ta fito ɗigo-ɗigo baƙi mai sheƙi da ɗan haske kewaye da shi. A ido duk iri ɗaya suke, ba za ka taɓa cewa wannan mai guba ce wannan ba ta da ita ba. Sai na fasa su na ciro ADN, na sa a injin PCR, wanda aikinsa shi ne ya ɗauki ɗan guntun rubutu ɗaya ya yi ta kwafinsa har miliyoyi yadda za a iya ganinsa. Da farko ina neman wani jen da ake kira nuc don in tabbatar ita ce, sannan in nemi na guba, tsofaffin sanannun guda biyar ne, sea, seb, sec, sed, see, ko da yake yanzu an san sama da 20. In yana nan sai ka ga ɗan layi ya haska a kan jel, in babu wurin ya zauna duhu. Wannan ɗan layin da bai kai tsawon farce ba shi nake jira wata da watanni, don kayan aikin daga waje ake odarsu kuma sai sun zo cikin sanyi, ranar da suka iso kuma kuran ya tafi ana tsakiyar aiki ka sake daga farko. Duk mai niyyar shiga wannan karatun ya fara tanadin haƙuri kafin kuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karatun nan shi ne yawancin waɗannan jen ɗin ba gadon gidan stafi ba ne, aro ne. Shi sea wani ƙaramin birus ne mai kama ƙwayoyin cuta, wanda muke kira faj, yake ɗauke da shi, in ya shiga jikin stafi sai ya liƙa rubutunsa cikin nata ya zauna. Shi sed a kan filasmid yake, wani ɗan zoben ADN da ƙwayoyin ke miƙa wa juna. Su seb da sec galibi a kan wasu guntaye suke da ke iya ɓallewa su koma jikin wata. Wato kamar yaron kirki ne a unguwa da abokai suka ba shi ajiyar wuƙa, jiya ba ruwansa yau abin tsoro ne, kuma fuskarsa ba ta canza ba. Sannan ko tana ɗauke da jen ɗin ba shi ke nan ta zuba guba ba, malamina kullum sai ya ja min kunne a kan wannan, kar in rubuta cewa na samu guba alhali jen na samu. Sai ta samu ɗumi, ta samu lokaci, ta yi yawa. A cikin sanyin firigo mai kyau ba ta iya wannan aikin, cikin tsami mai ƙarfi ma tana shan wuya. Hajiya ba za ta iya hana faj shiga stafi ba, ba ta ma san da shi ba, amma ɗumi da lokaci a hannunta suke, kuma ta riƙe su.

Tsamin ma a yi hattara da shi. Ana cewa ai kindirmo ya yi tsami ya kashe komai. Tsami yana taka wa ƙwayar birki ne, baya goge gubar da aka riga aka zuba kafin ya kama. Ita Hajiya da nonon ya huce take zuba irin jiya mai rai ta rufe, yana kamawa da wuri, yana kamawa kuma sai firigo.

To yanzu aibi, don akwai shi.

Ludayi. Ludayinsu gajere ne, yaro ya ɗiba ya sake shi cikin bokiti, mariƙin da hannunsa ya taɓa ya nutse cikin kindirmon, na gaba ya zo ya lalubo shi da yatsu. Hannun nan kuwa shi ke karɓar kuɗi, shi ke share hanci da sanyin Disamba. Duk wahalar dafawar safe a nan ake iya zubar da ita, don stafin da ta shiga bayan an dafa ba ta da abokan gasa, filin nata ne ita kaɗai, tsami da sanyi ne kawai suka rage masu tsaro. Wata rana kuma na ga ɗaya daga cikin yaran da ɗan yatsa a kumbure ya naɗe da tsumma yana marmasa dakere. Irin wannan kumburin mai mugunya sau da yawa stafi ce tsagwaronta, ranar ban sha ba, na ja shi gefe na ce ƙanena je ka a wanke maka wannan a asibiti, yau ka tsaya a karɓar kuɗi kawai.

Na biyu shinkafar da suka fara sayarwa bana. Ana dafa ta da safe a juye cikin gilasiye, wato kula, a rufe, ana buɗewa ana rufewa har dare. Na sa ma'auni da la'asar na ga digiri 41, ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so kenan kamar an yi musu shimfiɗa. Ita shinkafa nata abokin gabar daban ne, Bacillus cereus, tana da wani irin ƙwanso da take ɓuya a ciki wanda dahuwa ba ta kashewa, in shinkafa ta huce ta zauna sai ta farka, masu ɗauke da jen ɗin ces, shi ma a kan wani babban filasmid yake, su zuba wata guba mai sa amai wadda ko an kai ta digiri 121 na minti 90 ba ta lalacewa, balle ɗan ɗumamen da ake yi da mai a kasko. Ban taɓa jin wanda shinkafar Hajiya ta kwantar ba, gaskiya ɗaya ce, amma ni bayan azahar ba na cinta kuma ba zan ce wa wani ya ci ba.

Na uku gorunan ruwa da ake sake cikawa don masu tafiya da shi gida. Ana wankewa, na gani, amma wuyan gora da murfinta ba sa wankuwa da kurkura kawai. Ka zo da kwanonka mai murfi ya fi, kuma kar ka sa a but ɗin mota ka ce sai Garwa, da zarar ka gangara daga falez, tudun nan na hanyar Garwa, zafin ƙasa ya karɓe ka labari ya canza.

Na samu Hajiya da maganar ludayi da shinkafa, a hankali, bayan mutane sun ragu. Na ce Hajiya in ba za ki ji haushi ba ɗanki yana da magana. Ta saurare ni har na gama sannan ta ce “Dokta, mu fa mun sha nono a ƙwarya ɗaya da ƙuda tun ba a haifi babanka ba, ga mu nan.” Na ce haka ne Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya, amma waɗanda ba su kai ba ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Ta yi shiru, ta ce in sha kosam ɗina kar ya huce, wai ya huce, abin da ya fito daga firigo.

Ba don in tsorata ta na faɗa ba. A ƙididdigar da OMS ta fitar a 2015 mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara a duniya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma yankin Afirka, in aka auna da yawan jama'arsa, shi ya fi kowa ɗaukar nauyin, mutum sama da miliyan 91 da mutuwa 137,000. Gubar stafi ita kam ba kasafai take kisa ba, amai ne mai tsanani da murɗar ciki da ke zuwa da sauri, daga rabin awa zuwa awa takwas bayan ci, yawanci kwana ɗaya ya wuce, abin da ake bukata ruwa ne da gishiri da suga, antibiyotik ɗin da muke rugawa mu saya a tebur ba ya taɓa guba ko kaɗan. Amma jariri ko tsoho in ruwan jikinsa ya ƙare ai ba wasa ba ne.

Kuma a nan zan ƙara mata maki ɗaya babba: ba ta sayar da ɗanyen nono a sha a wurin. Na ga wani Alhaji ya nace wai shi biraɗam yake so yadda ya fito daga saniya, dafaffe ba shi da albarka, ta ce sai dai ya je ruga. Ta yi daidai. Ɗanyen nono ban da tarin fuka na shanu da burusela akwai wani nau'in E. coli da ke zaune a hanjin shanu ba ya yi musu komai, shi ma gubarsa, stx1 da stx2, faj ne ya kawo masa, yana sa gudawa da jini kuma a wasu yara ya kashe ƙoda. A Jamus a 2011 wani ɗan uwansa ya kama kusan mutum 4,000 ya kashe sama da 50, ta hanyar tsiron hulba, hulbar nan dai da muka sani. A ƙasar nan ma an samu O157, wato irin wannan E. coli ɗin na shanu, a jikin wasu marasa lafiya lokacin ɓarkewar gudawa da jini a Ngoila can Gabas, ƙarshen 1997 zuwa 1998. Shi wannan dafa nono yana kashe shi, digiri 72 na daƙiƙa 15 ma ya isa balle tafasa. In kuwa yaro ya fara kashi da jini asibiti za a kai shi kai tsaye, don wasu magungunan in an ba shi tayar da faj ɗin suke yi gubar ta ƙaru.

To ga mai tambaya, nan nake sha. Ka je tsakanin hantsi da azahar lokacin bokitin farko bai sha hannu ba, ka ce kindirmo da dakere, suga kaɗan, ka duba yatsun wanda zai zuba maka ba tare da ka kunyata shi ba. 'Yar yayata mai shekara huɗu na kai ta can na ba ta da hannuna, kuma ba ko'ina zan yi haka ba.

Makon jiya da na koma na ga an rataye sabon ludayi mai dogon mariƙi a ƙusa gefen firigo, ba wanda ya ce min komai ni ma ban ce komai ba. Gilasiyen shinkafar dai tana nan inda take, Hajiya ta ce sai bayan sallah za ta duba maganar.